Dunduniyar 'Yar Furera

Ni baduku ne, ɗan baduku,
a rumfar ubana cikin kasuwar Marwa na yi wayo.
Fatar akuya, ta tunkiya, har ta sa mai taurin tsiya,
na huda su da basilla, ban taɓa runtse ido ba.

Sai ga ni daren Laraba a ɗakin jarirai,
fanka tana juyi kamar an tilasta mata.
Furera na can kwance, ɗinkin tiyata ya hana ta tashi.
Ni da 'yar kwana huɗu, ko suna ba a raɗa mata ba,
a jikin kwalba an rubuta 'yar Furera, shi ke nan.
Idonta ya yi ɗorawa.
Likita ya ce shawara ce, sai an sake duba jini.

Jiya da aka ɗiba waje na gudu.
Kukan ya biyo ni har gindin darbejiya.
Wani dattijo a kan benci ya ce,
"Jinjiri bai san zafi ba, ko ya sani mantawa yake yi."
Na gyaɗa masa kai don girmansa,
amma rabin shayina a ƙasa ya ƙare.

Yau Madam Mairama ce a bakin aiki,
gajeruwa, tabarau ɗaure da zare.
Ta tare ni a ƙofa.
"Baban yarinya, ina zuwa? Tuɓe rigar nan."
Na ce, "A nan?"
Ta ce, "Da uwar na iya zama, nono zan sa ta kama.
Tunda babu, naka ƙirjin ma ƙirji ne."

Ta kifa mini ita, fata da fata,
ta lulluɓe mu da zanen Furera mai ƙamshin gida.
Nauyinta bai kai na takalmi ƙafa biyu ba,
amma na kasa motsi.
Ta rage fitila.
Ta ɗauko sirinji marar allura,
ta ɗiga ruwan sukari a kan ɗan harshen, ɗigo, ɗigo,
ta ce in wanke ɗan yatsana in ba ta ta tsotsa.
Sannan ta dubi agogo. "Minti biyu. Ba ma gaggawa."

Ta riƙe dunduniyar cikin tafinta tana ɗumamawa,
sai na tuna ubana:
ba a huda fata a bushe, yaro,
jiƙa ta, murza ta, lallashe ta tukuna.
Shekara ashirin ina yi wa matacciyar fata wannan ladabi,
jiya na bar mai rai a kan tebur mai sanyi.

"Yi mata magana," in ji Madam.
Ban san me ake gaya wa 'yar kwana huɗu ba.
Na shiga lissafa mata masu riƙe da bashina,
Hamadiko jaka uku, Bello na Domayo tun azumi.

A kan sunan Bello allurar ta shiga.
Ta yamutse fuska, ta buɗe baki,
ƙara ɗaya, gajere,
sai ta koma kan yatsana ta ci gaba da tsotso.
Jini ya hau kwalba a hankali, ja kamar jar fatar da nake rinawa.
Auduga, filasta.
Madam ta ce, "An gama. Kai ne dai ke rawar jiki."

Ba ta karɓe ta ba, ta bar mu haka har assalatu.

Da safe na tsallaka rairayin Mayo Kaliyawo zuwa rumfa,
sakamako sai azahar.
Na tone buhun guntaye, na zaɓi mafi laushi,
na yanka takalmin da ba za ta sa ba sai baɗi.
Wajen dunduniya na ninka fatar biyu.